Ɗan Adawar Cikin Gida

A cikin shagona sunana Likita. Da na sa ƙafa ɗaya waje kuwa, sai in koma Mijin Majalisa. Duka biyun ba ni na raɗa wa kaina ba, kuma kowanne da 'yar ƙaryarsa a ciki. Ban taɓa karatun likita ba, magani kawai nake sayarwa. Majalisa kuma mutum ɗaya tak na aura a cikinta, ita ma tun tana malamar makaranta, ba ta ko san hanyar wurin ba. Amma in an ba mutum ƙarya biyu, ai yakan zaɓi wadda ta fi yi masa kyau a jiki. Shi ya sa nake buɗe shagon da sassafe, ina kuma jan ƙafa wajen rufewa. Nan ne kaɗai a duniya ake gaishe ni ba tare da an ce in gaida gida ba.

Matata tana zango na biyu a majalisar dokoki ta ƙasa. Abin da aka san ta da shi ɗaya ne: abin da ta faɗa a rediyo, shi take dannawa a zaure. 'Yan jarida sun sha bin diddigin ƙuri'unta suna neman inda baki ya saɓa da yatsa, su gaji su koma kan wani. Wani ma ya taɓa rubuta cewa bin tarihinta kamar kallon bango ne, ba ya motsi. Abin da ba su sani ba shi ne, babu ƙuri'ar da ta taɓa kaɗawa ba ta fara bi ta kaina ba.

Ga yadda muke yi. Ranar Asabar, in ta dawo daga babban birni, bayan karin kumallo sai ta jawo teburin guga tsakiyar falo ta tsaya a bayansa, shi ne mumbarinta. Ni kuma in zauna a kujerar roba, ni ne ɗaya ɓangaren. Duk abin da za ta goyi baya, aikina in soke shi. Duk abin da za ta soka, in kare shi kamar gadon ubana. Da farko lallaɓa ta nake yi, sai wata rana ta buga tebur ta ce, "Malam, in lallashi nake so ai da uwata na kira. Kayar da ni za ka yi."

To, na koya. Na kare ƙarin haraji. Na kare rage kuɗin fansho. Na taɓa kare ƙarin alawus na 'yan majalisa da murya tana rawa, har ni kaina sai da na ji tausayin bayin Allah. Kullum ita ke cin nasara, ta kira ni "mai girma wakilin kujerar roba", ta ce in zauna lokacina ya ƙare. Wannan ne sirrin zaman lafiyar gidanmu. Wasu ma'auratan a kan gishiri suke faɗa. Mu kafin a kai ga gishiri mun ƙarar da namu a kan kasafin kuɗin ƙasa.

Sai ga ƙudirin magani ya shigo. Abin da ya ce a taƙaice: duk shagon da ke sayar da magani, dole mai digirin harhaɗa magunguna ya tsaya a cikinsa daga buɗewa zuwa rufewa, in ba haka ba a sa masa kwaɗo. Manyan kamfanonin nan masu rassa ko'ina, masu ƙofar gilashi da sanyi kamar ɗakin ajiye gawa, su ko a jikinsu. Mu ne abin ya nufa. Ni abin da shagona ke kawowa ba zai riƙe mai digiri da takalmi ba, balle albashi.

Tun makon farko ta fito a rediyo. Har yau ina iya maimaita maganar. Ta ce, "Wannan ba gyara ba ne, rufe wa talaka ƙofa ne. Muddin ina kan kujerar nan, yatsana ba zai danna wa dokar nan ba." Ƙungiyarmu ta masu shagunan magani ta buga hotonta aka manna a kowane shago. Shugaban ƙungiyar, wani ƙaton mutum mai son hula da dogon jawabi, ya rungume ni a gaban taro ya ce ashe aurena aikin ƙungiya ne tun asali.

Asabar ta zo, aka jawo tebur. Wannan karon ni zan kare dokar da za ta rufe mini shago. Na ce mata abin ya yi kama da a ce rago ya yi wa wuƙa talla. Ta ce in daina ɓata wa zaure lokaci.

Ban san abin da ya hau kaina ba. Ko da yake na sani: a karon farko a rayuwata an ba ni batun da na fi ta sani. Na miƙe tsaye, abin da ban taɓa yi ba. Na ba ta labarin matar da ke shigowa ta ce a ba ta "irin na rannan, ja da baƙi", a ƙulla mata kafso biyu a takarda daidai kuɗin hannunta, alhali na mako guda cutar ke buƙata. Na ba ta labarin maganin ruwa na yara da ke dahuwa a kan kantar shago in wuta ta ɗauke. Na ɗaga mata labulen da ke bayan shago, na nuna mata bencin da ake kwantar da mutum, da ƙusar bango wadda da safe ake rataye hula, da rana a rataye ledar ƙarin ruwa. Wannan ƙusar a shagon Shugaba take. Ni ba na allura, jini jiri yake sa ni, kuma wannan tsoron ne mutane suka ɗauka gaskiya ce. Na rufe da abin da har yanzu nake ganin ya fi kowace magana da na taɓa yi kyau. Na ce, "Ranki ya daɗe, rabin magani muke sayar wa talaka, shi kuma ya tafi gida da cikakkiyar cuta."

Na tsaya ina jira ta zaunar da ni. Ba ta zaunar da ni ba. Can ta ce, "Zo mu sha shayi."

Ranar har tafiyata canzawa ta yi. Na ci nasara a karon farko. Ban tsaya na tambayi kaina me na ci ba.

Asabar ta gaba ta jawo tebur, na ɗauko kujerata na zauna ina gyara murya. Sai na ga ta jona dutsen guga. Ta kwaso rigunana ta hau gogewa, ɗaya bayan ɗaya, har da bin wuya da hannu. Matar da rabonta da riƙe dutsen guga tun ranar da aka rantsar da ita.

Na ce, "Yau babu zama?"

Ta ce, "An ɗage."

"Sai yaushe?"

"Sai Kakaki ya kira. Ɗaga ƙafarka, ka taka wayar guga."

Wani mijin da murna zai yi. Ni kuwa na sa rigar nan mai kaifin guga na tafi shago jikina a sanyaye, kamar wanda aka yi wa wanka ba da saninsa ba.

Daga nan idona ya buɗe, na fara ganin abubuwa. In wayarta ta yi ƙara sai ta duba, ta shige banɗaki, ta buɗe famfo. Mutum ya kasa kunne iya kasawa, ba abin da zai ji sai ruwa. Na taɓa tsayawa a bakin ƙofar riƙe da tawul, wai ko ta buɗe in ce kawo mata na yi. Da ta buɗe, ta kalle ni, ta kalli tawul ɗin, ta karɓa ta ce, "Allah ya yi albarka," ta wuce, ko digon ruwa babu a jikinta.

Rediyo ma ta canza. Ni ban so in lura ba, Shugaba ne ya zo ya lura mini. Ya shigo shagon ba sallamar kirki, ya ja benci ya zauna ya cika rabin wurin.

"Likita, kana jin matarka kuwa?"

"Kullum, Shugaba. Ba ni da zaɓi."

"Bar wasa. Da farko cewa ta yi yatsanta ba zai danna ba. Wancan makon ta ce suna nazari. Jiya kuma cewa ta yi kowane ɓangare yana da hujja. Hujja! Tun yaushe ɗaya ɓangaren ya samu hujja? A ina ya saya?"

Na ce ai haka 'yan siyasa ke magana in abu yana kwamiti. Ya ce matata ba ta taɓa magana kamar 'yan siyasa ba, abin da ya tsorata shi ke nan. Sannan ya zaro wayarsa ya nuna mini hoto. Kamfanonin sun shirya wa 'yan majalisa taron bita a wani babban otal, irin bitar da ake shiga da kumatu a lotse a fito suna sheƙi. Ga ta nan a layin baya, gefen wani mai kwat, tana murmushi. Na ƙara girman hoton har fuskarta ta zama dishi-dishi, ina neman laifi a cikin murmushin. Murmushi ne kawai. Amma mutum ba ya zuwa otal ya yi murmushi a banza.

Shugaba ya miƙe yana gyara hula. "Kai muka bi muka zaɓe ta. Kai ne jinginarmu. Ka bincika gidanka."

Kamar bai isa ba, washegari sai ga Yayata. Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne ƙarami, kuma duk da furfurar da ta ci rabin gemuna har yau Auta take kira na. Ta zo karɓar maganin ƙafa, wanda a wurinta biyan kuɗinsa cin mutuncin zumunci ne. Ta kalli rigata sama da ƙasa.

"Wa ya goge maka?"

"Matar gidan."

"Ita da kanta? Da hannunta?" Ta ajiye jaka. "Auta, me ta yi maka?"

"Guga, Yaya."

"Kai dai tun kana yaro sai an tauna maka. Ni na yi aure kafin ka iya ɗaura wando. Ranar da na fi yi wa marigayi ladabi, ranar ce na sayar masa da rediyo. Ka duba jakarta."

Na ce Allah ya kiyaye, ni ba irin mazan nan ba ne. Da yamma na duba. Ban san me nake tsammani ba, ko damin kuɗi da sunan kamfani a jiki. Na tarar da biro, turare, takardun majalisa, da wata 'yar leda fara mai tambarin ɗaya daga cikin kamfanonin nan masu ƙofar gilashi. A ciki maganin ciwon kai ne. Irin wanda nake da shi kwali-kwali. Na zauna a bakin gado riƙe da ledar. Wallahi da wasiƙar wani namiji na gani da abin bai soke ni haka ba. Kai yana mata ciwo, ta wuce ni, ta je ta biya.

A wajen cin abinci na gwada ta ta gefe.

"Yaya jikin ƙudirinmu?"

"Yana kwamiti."

"Kwamitin dai lafiya?"

"Lafiya lau, yana gaishe ka."

"Na ji an ce kowane ɓangare yana da hujja."

Ta ɗago ta kalle ni, kallo mai tsawo, har na zaci za ta faɗa. Sai ta turo mini kwano ta ce, "Ƙara nama, ka rame." Naman ma na ci shi ne cikin zargi.

Ranar ƙuri'a da rana aka nuna zaman kai tsaye. Shugaba ya ce a shagona za a kalla, tunda ni ne surukin majalisa. Suka cika wurin shi da wasu 'yan ƙungiya, har mai sayen magani sai ya miƙo hannu ta saman kawuna. Na ɗora ƙaramar talabijin ɗina a kan kwalin auduga.

Kakaki ya kira ta. Ta miƙe, ta dafa teburin gabanta da hannu biyu, yadda take dafa na guga. Ta ce ta san abin da ta faɗa a baya, ba ta manta ba, kuma ba za ta ce an juya mata magana ba. Ta ce ta yi kuskure. Shagon ya yi tsit, har ana jin firji.

Sai ta fara. Matar da ke cewa a ba ta irin na rannan, ja da baƙi. Kafso biyu a ƙullin takarda. Maganin yara da ke dahuwa a kan kanta. Ko tsarin ba ta canza ba, har wurin da na ɗan dakata don magana ta shiga, nan ita ma ta dakata. Ni kuma, Allah ya yafe mini, a daidai lokacin da ake haƙa mini rami, wani ɓangare na zuciyata cewa yake a yi shiru a ji, wurin mai daɗi na zuwa.

Ya zo. Ta ɗaga labule, ta nuna wa ƙasa baki ɗaya benci, da ƙusar da ake rataye hula da safe, ledar ƙarin ruwa da rana.

Na ji wuyan Shugaba yana juyowa tun kafin in gani.

"Likita."

"Na'am, Shugaba."

"Matarka ta taɓa shiga bayan shagona?"

"Anya kuwa."

"To wa ya taɓa?"

Na ce ai ƙusa ba shi kaɗai ke da ita ba, ƙasar nan cike take da ƙusoshi. A daidai lokacin ta kai ga rabin magani da cikakkiyar cuta, zaure ya ɗauki tafi. Tafina ne, a bakin gaskiya. Ban taɓa jin an tafa wa mutum yana neman ƙofar gudu ba sai ranar.

Saura hanya ɗaya. Wani dattijon ɗan majalisa ya kawo gyara: tsofaffin shaguna da suka daɗe suna aiki ba a taɓa kama su da laifi ba, a bar su su ci gaba. Wato ni. In da za a zana hoton gyaran nan, fuskata za a zana. Aka ce a danna. Sunaye suka fito a allon zaure, masu goyon baya kore, masu ƙi ja. Na matsa har hancina ya kusa taɓa gilashi. Nata ja ne. Gyaran ya faɗi da ƙyar. Aka zo kan ƙudirin kansa, nata ya fito kore shar. Aka ba mu zuwa ƙarshen shekara.

Suka fita ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce mini ci kanka. Na ƙarshensu ya tsaya ya ɓamɓare hotonta daga bango, ya ninke shi da kyau, ya ajiye mini a kan kanta.

Da ta dawo ranar Asabar na riga na jawo teburin da kaina. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta.

"Yau ni ke da mumbari," na ce. "Zauna a roba."

Ta zauna.

"Nawa suka ba ki?"

"Malam, ka ji abin da bakinka ya faɗa?"

"Na ji. Na kuma ji abin da bakina ya faɗa a talabijin, da muryar wata."

"Kai ka kayar da ni. Mako guda na yi ina neman amsar da zan ba ka, ban samu ba. Na kira likitoci, na kira masu jinya, kowa ya ce abin ma ya fi haka."

"A banɗaki."

"To a gabanka zan tsaya ina tambaya ko mijina gaskiya ya faɗa?"

"Otal fa?"

"Kowa na kwamiti ya je. Na ci shinkafa na dawo."

"Ledar kamfani?"

Ta ɗaga gira. "Jakata ka shiga?" Na ce ba a yi wa mai mumbari tambaya. Ta ce reshen ta shiga ta ga yadda suke aiki, kuma ba a shiga shagon mutane a fito hannu rabbana.

"To gyaran dattijon? Wannan ma ni na kayar da ke?"

Nan ta sunkuyar da kai. "In na danna kore, gobe jarida ta ce na yi wa mijina doka. Shi ke nan an kashe maganar, an koma kanmu."

"Sai kika gwammace a ce kin yanka mijin."

"An ce. An yaba ma."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Da ka roƙe ni," ta ce. "Kuma da na ji."

Kowace amsa ta zauna daram a gurbinta. Abin da ya dame ni ke nan. Shekara da shekaru ina zaune a kujerar nan ina kallon yadda take gina amsa, ni ne ma na koya mata toshe ramuka kafin a gan su. Gaskiya takan zo da 'yar baraka. Wannan ko allura ba za ta shiga ba.

Bayan kwana kaɗan wani mutum ya shigo shagon. Turarensa ya riga shi sallama. Matashin dattijo ne mai taushin murya, ya kira ni Likita har sau uku kafin ya zauna, abin da ya sa na san ba magani ya zo saya ba. Ya ce daga ɗaya daga cikin kamfanonin yake. Sun ji halin da ƙananan shaguna za su shiga, abin ya taɓa su ƙwarai. Suna so su sayi nawa, su gyara, su kawo mai digiri, ni kuma in zauna a matsayin uban reshe, da kujerata da sunana. Ya faɗi farashi. Na leƙa bayana in ga ko akwai wani shagon da ban sani ba. Ko da ni za a haɗa a sayar, da firji, da bencin da yake kai, ba mu kai rabin wannan ba.

"Kun je wurin Shugaba? Nasa ya fi nawa girma."

"Wurinka ne ya dace da tsarinmu."

Na kalli wurin nawa. Gabansa kwata ce, gefensa mai faci.

"Mai ɗakina ta san ka zo?"

Ya yi murmushi mai tsabta. "Ranka ya daɗe, mu da kai muke ciniki. Abin da manya suka sani ai ya fi ƙarfinmu." Ya ajiye katinsa, ya ce in yi shawara da gida.

Na wuni ina juya abin. Ko dai ladanta ne aka biyo da shi ta hannuna, don ita hannunta ya fita fes. Ko tarko ne, a saye ni yau, gobe a riƙe ta da ni. Ko kuma ita ce ta roƙa a rufa wa mijinta asiri, wanda a doka sunansa ɗaya da na farkon. Ko ma wanne ne, in na sa hannu shagon ya tsira, da sanyi da ƙofar gilashi, a ci gaba da ce mini Likita har in mutu. Na kwatanta kaina a kujerar. Ta yi mini kyau ƙwarai.

Tambayarta ba za ta yi amfani ba, na riga na ga yadda take da tambaya. Don haka da ta dawo na bari sai da ta zauna ta ɗauki kofin shayi, sannan na faɗa kamar labarin yanayi.

"Af, na sayar da shagon. Mutanen kamfani suka zo. Sun biya da kyau, har na ji kunya."

Na zuba mata ido kamar mai karanta ƙaramin rubutun jikin kwalba.

Ta yi shiru na ɗan lokaci. Sannan kofin ya sauka da ƙarfi har shayi ya fantsama.

"Ka sa hannu? Malam, ka sa hannu? Wane kamfani? Innalillahi! Ka san abin da ka yi? Ka ɗaure ni ka miƙa musu igiyar! Duk abin da na danna a rayuwata yanzu za a ce da farashinsa. Kai da na ɗauka ka fi kowa..." Ta miƙe tana neman waya, tana cewa akwai lauyan da ta sani, ko za a iya warwarewa kafin a ji. Hannunta rawa yake, har ta kasa buɗe wayar.

Rabona da jin daɗi irin wannan tun kafin ƙudirin. Matata na zagina tana kuka, ni kuwa kamar an sauke mini buhu.

"Ban sa ba," na ce. "Gwada ki na yi."

Ta tsaya. Ta kalle ni. Abin da ta kira ni da shi ba zai shiga kundin majalisa ba.

A gabanta na kira mutumin na ce na gode, ba na sayarwa. Ya ce ƙofa a buɗe take. Na ce ta gilashi ce, ina gani.

Ƙarshen shekara na kwashe magungunan na mayar wa dillali. Ban rufe ba. Yanzu sabulu nake sayarwa, da man shafawa, da audugar jarirai, da buroshin haƙori. Tsofaffin unguwa ba su daina ce mini Likita ba, sai dai yanzu in sun faɗa sukan ɗan kalli kantar. Yara masu tasowa kuwa Mai Sabulu suka sani, kuma na lura suna ne da babu ƙarya a cikinsa ko kaɗan, abin da bai sa na so shi ba. Shugaba in ya hango ni yakan tsallaka titi, da girman jikinsa da komai.

Na yarda da ita. Ina so a rubuta wannan. Hawayen gaske ne, rawar hannun ma ta gaske ce, ba a koyon wannan a bayan teburin guga. Sai dai ciniki ba shi da yawa yanzu, mutum yana samun lokacin tunani. Tsakanin maganata da saukar kofin nan akwai ɗan shiru. Bai fi a ja numfashi a sauke ba. Mai yiwuwa lokacin da labari ke ɗauka ne kafin ya isa zuciya. Mai yiwuwa kuma lokacin da ƙwararre ke ɗauka ne kafin ya zaɓi amsa. Nakan zauna a tsakanin kwalayen sabulu in auna shi, wata rana ya yi gajere, wata rana ya yi tsawo, har sai wani ya leƙo ya tambaya ko akwai canji.